Rami na Uku a Gonar Mabruka

Naziha ta san lakar kogin Majarda tun kafin ta san karatu. A ƙauyen da ke gindin kufan tsohon birnin Utika aka haife ta, tsakiyar gonakin alkama da wake, inda sai ka hau mota ka yi tafiya kafin ka ji iskar teku. Ta tafi Tunis ta yi karatu har ta zama malama a jami'a, amma karatun bai raba ta da laka ba, sai ma ƙara cusa ta ciki da ya yi. Aikinta shi ne a kafa inji a tsakiyar gona, a tura bututu can cikin ƙasa, a zaro shi cike da laka, ta tsaga shi gida biyu ta bi shi da ido tun daga gindi har sama. Abin da ke ƙasa shi ne tsoho, na sama shi ne sabo. Wannan shi ne darasin farko da take koya wa ɗalibanta kowace shekara.

Babu mai musun cewa a zamanin Rumawa jiragen ruwa na tsayawa a Utika. Abin da ba a sani ba shi ne yaushe tekun ya tafi, kuma ta wace hanya ya bi. Malaminta, Si Tijani, tsoho mai farin gashi da sanda, ya daɗe yana ba da amsa ɗaya. Ya ce Rumawa sun sassabe tuddai sun shuka alkama da zaitun, ƙasa ta zubo cikin kogi, kogi ya kwaso ta ya juye a bakinsa, teku kuwa ya yi ta ja da baya sannu a hankali kamar ana naɗe tabarma. Shi ya turo Naziha ta haƙa ramuka, don su zana taswirar gaɓar nan ƙarni bayan ƙarni kafin ya ajiye aiki.

Ramuka biyu na farko ba su ba ta wahala ba. A gindi laka mai toka-toka cike da ƙwanson halittun teku, a tsakiya ta ruwan zartsi, a sama jar lakar kogi. Da ta kira Si Tijani ta faɗa masa, dariya ya yi ya ce, "Ai dama na gaya miki, 'yata. Ƙarasa ki dawo."

Rami na uku a gonar ƙanwar mahaifiyarta aka yi shi, Halti Mabruka, wadda tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonar. Da rana ta take sai ga ta da kwando, burodi mai zafi da man zaitun da yajin harisa da dafaffen ƙwai. Ta tsaya tana kallon injin yana ƙugi.

"In kun sami ruwa ku bar mini ramin a buɗe," in ji ta.

"Halti, ba rijiya muke haƙa ba."

"To me kuke nema?"

"Teku."

Mabruka ta juya ta dubi Lutfi, ƙaton mutumin da ke tuƙa injin, wanda ya yi shekaru yana haƙa wa mutane rijiya kafin jami'a ta ɗauke shi. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kada ki dube ni, Lalla Mabruka. Ni nawa turawa da zarowa. Hauka daga can sama yake sauko mana."

Bayan sun ci abinci Naziha ta jera bututun a kan tebur ƙarƙashin itacen ɓaure ta fara tsagawa. Ta fara da na can gindi, tana jiran lakar teku. Sai ta ga baƙar laka mai wari, cike da ruɓaɓɓen kyauro da ƙananan katantanwa irin na ruwan daɗi. Fadama ce sosai, irin wadda kwaɗi ke kwana a ciki. Ta ce a ranta ba komai, ta tsaga na samansa. Farin yashi ne tas, da ƙwanson teku a ciki jingim, kuma a tsakiyarsa ga wani tsingaro ja mai sheƙi, irin kwanon da Rumawa ke cin abinci. Sama da wannan kuma jar lakar kogi.

Ta tsaya da wuƙar a hannu. In dai ta bi abin da ke gabanta, to a nan wurin fadama ce ta riga teku, daga baya teku ya zo ya hau kanta. Tekun da aka ce tafiya yake yi.

"Lutfi," ta ce, "ka juya bututun."

"Wane bututun?"

"Na ƙasa ka sa a sama, na sama ka sa a ƙasa."

Lutfi ya ajiye kofin shayinsa. "Duktura, ina haƙa ƙasa tun kina goye a bayan uwarki. Ga kibiya nan a jiki, da hannunki kika zana ta."

Ta duba. Kibiyar tata ce, babu shakka. Amma ta kasa tuna ko ta zana ta ne lokacin da bututun ke tsaye, ko bayan an kwantar da shi. Ta faɗi haka a fili, Lutfi ya ji kamar ta ce masa ɓarawo. Ya tattara kayansa ya tafi, ko sallama bai yi wa Mabruka ba.

Washegari suka sake haƙa wani ramin dab da na jiya. Wannan karon duk bututun da ya fito ita ke rungume shi, ta zana kibiya tun yana tsaye yana ɗigar ruwa. Ta tsaga. Fadama a ƙasa, farin yashin teku a sama. Ta je ta sami Lutfi yana goge hannu da tsumma ta ba shi haƙuri.

"Ni na huce," in ji shi. "Ke ce abin tausayi. Da ni na juya shi, da kin sami wanda za ki yi wa faɗa. Yanzu sai ki je ki yi da teku."

Kuskuren da ta yi shi ne ta yi wa Mabruka bayani da daddaɗan harshe a kan tabarma, tana ganin hira ce ta cikin gida. Mabruka ta kai maganar wajen mai burodi, mai burodi ya ƙara mata gishiri, kafin Juma'a duk ƙauyen ya ɗauka cewa Naziha 'yar gidan Munsif ta auna ƙasa ta gano teku na nan dawowa. Naziha na wucewa ta gaban shagon gahawa sai maƙwabcin gonar, Si Hamadi, ya tare ta, maza na biye da shi.

"Duktura, ki faɗa mana gaskiya tsakaninki da Allah. Tafiya yake yi ko dawowa?"

"Si Hamadi, wannan magana ce ta shekara dubu biyu."

"Bar mini shekara dubu biyu. In shuka alkama bana ko kada in shuka?"

"Ka shuka mana."

"To ai kin ce ya taɓa tafiya ya dawo."

"Ban ce ya dawo ba. Na ce kamar ya dawo."

"Kamar!" in ji wani daga baya. "Karatun shekara ashirin, an dawo mana da kamar."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce shi ya ji an ce tukwanen zinariya suka tono suka ɓoye a bututu. Wani ya tambaya, in dai gonar teku ce a da, ashe ta gwamnati ce kenan? Naziha ta ja kujera ta zauna, ta zuba sukari a kan tebur ta ce wannan yashi ne, ta ɗiga gahawa ta ce wannan kogi ne, ta ajiye cokali ta ce nan ne Utika. Ta fara turawa da yatsa tana bayani. Ba ta kai rabi ba ta ga ita kanta ba ta san inda za ta tura sukarin ba. Ta tsaya tana kallon teburin. Mazan kuma na kallon ta. Can mai shagon ya zo da tsumma ya ce, "In kun gama da tekun zan goge."

Ta koma Tunis ta aika da gawayin da ta tsinta cikin lakar da guntayen kyauro gwajin shekaru, tana fatan lissafi zai raba gardama. Da sakamakon ya dawo sai abin ya ƙara dagulewa. Gawayin da ke cikin jar lakar sama ya girmi kyauron da ke can gindi. Tsingaron kuwa, da ta kai wa masu sanin tukwane, suka ce na ƙarshen zamanin Rumawa ne, wato ya fi lakar da ke danne da shi ƙuruciya. Kamar a ce ka shiga gida ka tarar jika ya girmi kakansa, kowa kuma na zaune lafiya yana cin abinci.

Si Tijani ya duba takardun ta saman tabarau ya ture su gefe.

"Wannan ramin ba shi da lafiya. Ajiye shi."

"Sau biyu na haƙa shi, Si Tijani."

"To sau biyu ba shi da lafiya. Wataƙila wani ya taɓa gina rijiya a wurin ya yamutsa ƙasar. Kina da ramuka biyu masu hankali, me zai sa ki bi mahaukaci?"

Ta so ta bi maganarsa. Ta ɗauki bututun rami na uku ta kai can ƙarshen ɗakin ajiya. Amma kowace safiya sai ta tsinci kanta ta ɗebo yashin nan ta wanke a rariya, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma tana juya ƙwanson da allura. Ƙwanson lafiyayyu ne, wasu ma a rufe ruf, ba alamar wani ya taɓa tona su da shebur. Wata rana a aji ta rubuta darasinta na farko a kan allo, ta tsaya tana kallon rubutun da alli a hannu har ɗalibai suka fara raɗa, ɗaya ta tambaye ta ko a kawo mata ruwa.

Da kaka ta shigo, lokacin da ruwan sama ke farawa a ƙasar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki, Majarda ya cika ya tumbatsa. Mabruka ta kira ta a waya, muryarta ko a jikinta.

"Tekun naki ya iso. Yana nan cikin wakena."

"Halti, kogi ne ya yi ambaliya."

"Ni dai ruwa na gani. Si Hamadi ya ce a gaishe ki, ya ce ya shuka kamar yadda kika ce."

Da ruwan ya janye Naziha ta roƙi Lutfi ya kai ta. Suka duba gonar, asarar ba ta kai yadda aka zuzuta ba. Daga nan ta ce su wuce bakin kogin, inda yake shiga teku a yau. Suka bar motar inda hanya ta ƙare suka taka cikin taɓo, takalmanta na nutsewa.

Ta san wurin sarai. Akwai wani dogon tudun yashi da ya raba teku da fadamar da ke bayansa. Yanzu ambaliya ta fasa tudun ta tsakiya, iska kuma na koro igiyar ruwa ta cikin kafar. Farin yashi ya bazu a kan fadamar ya danne ta, kan kyauron na leƙowa daga ƙarƙashi, kore shar. Naziha ta durƙusa ta tona da hannu. Yashi da ƙwanso a sama, baƙar laka a ƙasa.

"Lutfi! Zo ka gani! Rami na uku!"

Ya zo ya duba. "Wannan kuma wa ya juya shi?"

Can gefe kogin ya tara tarkacen da ya kwaso: rassan itace, mushen tunkiya, robar ruwa, guntayen gawayi. A cikinsu ta tsinci ɓarin jan kasko irin na rufin gidajen Rumawa, wanda ruwa ya zaƙulo daga wata gaɓa can sama ya kawo ya ajiye a kan yashin da bai yi mako da zuwa ba. Ta riƙe shi tana dariya ita kaɗai. Ashe kogi na kwaso tsohon abu ya ɗora a kan sabo. Tsohon gawayin nan baƙo ne, daga tudu ya zo.

"To an gama kenan?" in ji Lutfi.

"An gama!"

Murnar ba ta kai su kwalta ba. Suna cikin mota tana kallon gonaki sai tunani ya faɗo mata. In kogi zai iya kawo tsohon gawayi rami na uku, me ya hana shi kai wa na ɗaya da na biyu? Da irin wannan gawayin suka sa wa ramukan nan shekaru, a kansu kuma taswirar Si Tijani take tsaye. Sannan in teku ya fasa tudu sau ɗaya, sau nawa ya fasa? Kuma wa ya ce a wancan zamanin bakin kogin wuri ɗaya ya tsaya?

"Tsaya," ta ce.

Lutfi ya taka birki. "Me kika manta?"

"Ban manta komai ba. Abin da na sani ne ya zube."

Ya dube ta, ya dubi hanya, ya ce, "In ba za mu koma mu ɗauko shi ba, ni yunwa nake ji."

Ta ɗauki makonni tana zane tana gogewa. Ranar wata Lahadi da la'asar ta je gidan Si Tijani, matarsa ta kawo musu gahawa mai ƙanshin furen lemo ta koma ciki. Naziha ta shimfiɗa takardu a kan tebur.

"Na aike ki taswira ɗaya," in ji shi, "kin kawo mini uku."

Ta nuna masa. Ta farko tasa ce, teku na ja da baya a hankali. A ta biyu tudun yashi ya riga ya tare bakin tun kafin Rumawa su yi ƙarfi, fadama ta kwanta a bayansa, jirage na shiga ta wata kafa, teku na fasowa lokaci-lokaci. A ta uku kogin ne ke sauya baki, yau arewa gobe kudu, inda ya bari teku ya ci, inda ya koma ƙasa ta tsiro.

"Wacce ce gaskiya?"

"Ban sani ba."

"To wacce ranki ya fi kwanta wa?"

"Jiya ta biyu. Yau da safe ta uku. Ina hanyar zuwa nan kuma na ga kamar taka."

Tsohon ya cire tabarau. Ya ce tun kafin a haife ta yake hawa da ɗalibai kan tudun Utika, ya nuna musu da sanda inda jirage ke ɗaurewa, su rubuta, su je su koya wa wasu. Yanzu tana so ya bi su gida-gida ya ce musu me? Ya ce wataƙila? Ya ce ta kwashe takardunta. Ta kwashe, ta fita ba ta sha gahawar ba, a bakin ƙofa ta rasa ta wane gefe ta ajiye motarta.

Ta ɗauka shi kenan tsakaninsu. Sai da sanyi ya wuce, itatuwan almon suka yi fure, sannan wayarta ta yi ƙara.

"Ki gaya wa ƙaton nan mai inji ya shirya," in ji Si Tijani, ba gaisuwa. "Akwai wuri ɗaya da taswirorinki uku suka yarda ruwa ne mai zurfi a zamanin Rumawa. Nan za mu haƙa. Mu sami ko da abu ɗaya da ba mu gardama a kansa, sai mu taso daga nan."

Wurin wata gonar ciyawa ce can nesa da kufan, ta wajen gabas. Si Tijani ya zo da kansa, da jar hularsa, aka ajiye masa kujerar roba a inuwar motar. Injin ya fara ƙugi. Jar laka ta fito, ta zartsi ta fito, siririn yashin teku ya fito. Tsohon yana gyaɗa kai. Sai injin ya yi wata irin ƙara ya tsaya cak.

"Dutse," in ji Lutfi.

"Babu dutse a nan," in ji Si Tijani.

"To ka zo ka gaya masa."

Lutfi ya sauya bakin injin, ya matsa da ƙarfi har ya huda, ya zaro. Naziha ta tsaga bututun. A ciki akwai dunƙulen farar ƙasar gini mai tauri, a samansa ƙananan duwatsu yankakku, baƙi da fari, an jera su ɗaya kusa da ɗaya. Daɓen ɗaki ne irin na masu hali a zamanin Rumawa. Yashin teku a samansa, yashin teku a ƙarƙashinsa.

Naziha ta ɓantaro 'yan duwatsun ta zuba wa Si Tijani a tafin hannu. Ya kai su dab da ido, ya juya su da babban yatsa, ya ɗaga kai ya dubi ciyawar da ta kewaye su ko'ina.

"Wa ya gina ɗaki a tsakiyar tekuna?" in ji shi.

"Ko tsibiri ne?" in ji Naziha. "Ko hasumiyar haska wa jirage?"

"Da daɓe irin wannan?"

"Ko jirgi ne ya ɗauko daɓen ya nutse da shi," in ji Lutfi.

Si Tijani ya buɗe baki zai yi masa tsawa, sai ya fasa, don bai ga ta inda zai ƙaryata shi ba. Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Lutfi na bubbuga masa baya. Naziha ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan akwatin kayan aiki, laka har gwiwar hannu, tana ƙoƙarin tuna wace ce a cikin taswirorin nan uku ta fi kusa da yarda da ɗaki a nan. Babu ko ɗaya.

Suka sanar da hukumar kula da kayan tarihi, aka zo aka kewaye gefen gonar da waya, aka ce za a tona idan an sami hali. Si Tijani ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar ba tare da taswirarsa ba. A taron bankwana aka ba shi dama ya yi jawabi, ya tashi ya dogara da sanda ya ce ya san inda Utika take, ya san inda teku yake, abin da ke tsakaninsu kuwa a tambayi Naziha. Mutane suka tafa suna zaton yabo ne. Ita dai har ta koma gida ba ta tantance ba.

Da bazara ta dawo suka sake loda injin a mota. Tsohon ya riga su zuwa gonar, ɗansa ya kawo shi, yana tsaye cikin ciyawa yana nuna wani layin itatuwan turare da ke can gaba.

"Can," ya ce.

"Me ya sa can, Si Tijani?"

"Ba dalili. Wuraren da muke da dalili mun gwada su."

Lutfi ya ja tsaki, ya tayar da motar, suka nufi itatuwan.